Ƙaurar Atika Zuwa Gidan Modibbo

"Ku sake ni! Ban mutu ba tukuna, balle ku ɗauke ni!"

Atika ta rungume ƙyauren zaure da hannu biyu, ƙafarta mai ciwo tana karkarwa. Jibrin, ɗan wan mijinta, yana riƙe da damtsenta, ya rasa ko ya ja ko ya saki. A bakin hanya jakin da aka aro yana korar ƙuda da wutsiya, an shimfiɗa masa tsohon gwado a baya. Matan unguwar Ƙofar Marke sun leƙo ta kan katanga suna kallo.

Karimatu, maƙwabciyarta, ita aka miƙa wa ƙunshin kayan. Ta rungume shi a ƙirji, tana jin abin da ke ciki ta cikin zanen: ƙwarya, ludayi, mazari da 'yan tsummokara. Iyakar abin da aka tono ke nan daga ƙarƙashin ƙasar ɗakin.

"Inna, ki duba ma Allah," in ji Jibrin, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗakin ga ya hwaɗi. Da kina ciki sadda ruwa ya kada shi, da yanzu muna maƙabarta. Na ce ki bi ni Wamakko, kin ƙiya. To ina zan sa ki?"

"Ka bar ni nan zaure. Ko akuya tana kwana zaure."

"Zauren ma ga shi ya tsage."

"In ya hwaɗo mini, ai ka huta."

Jibrin ya share gumi da hannun riga, ya juyo wajen Karimatu. "Inna Karimatu, ki sa baki. Ke kaɗai take ji."

Karimatu ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ta matso, ta dafa kafaɗar da ba ta da komai sai ƙashi.

"Yaya, taso mu tahi. Rana tana yi."

Atika ta waiwayo a hankali. "Har da ke?"

"Ba nisa, Yaya. Gidan Modibbo ne, bayan Hubbare kawai."

"In autana ya dawo ya iske gida ba kowa fa?"

"Ina nan. Ko tari ya yi bakin ƙohwar ga sai na ji. Ni da kaina zan riƙo hannu nai in kawo miki shi."

Tsohuwar ta daɗe tana dubanta. Can ta fara sakin ƙyauren, yatsa bayan yatsa. Aka ɗaga ta aka ɗora bisa jakin, ba ta fi dami ɗaya na kara nauyi ba.

Shekara da shekaru katanga ɗaya ce tsakanin matan nan biyu, katangar kuma tana da giɓi daidai madafi, ta nan suke miƙa wa juna garwashi da gishiri da labarin gari. Atika ta girme Karimatu nesa ba kusa ba, ita ta tarbe ta ranar da aka kawo ta amarya, ita ta karɓi haihuwarta ta fari. Mijin Atika, Bawa majemi, ya rasu tun shekarar da Nasara suka shigo Sakkwato. 'Yarta Binta, murar nan mai kisa da ake kira marisuwa ta ɗauke ta. Sauran Garba, auta. A lokacin yaƙin Nasara da Jamus aka bi unguwa-unguwa ana ɗibar majiya ƙarfi su yi wa soja dako, ya fita da gammo a ka, ya ce wa uwarsa kafin damina zai dawo. Wasu sun dawo a rame, wasu an kawo labarin mutuwarsu. Garba kuwa ba shi, ba labarinsa. Gidan ma ba na Bawa ba ne, wansa ne ya ba shi aro, da wan ya mutu gado ya faɗa wa Jibrin.

Ba wai Karimatu ba ta yi ƙoƙari ba. Ita ma mijinta ya rasu, tana zaune ne a hannun ɗanta Aƙilu, mahauci. Ranar da ɗakin ya faɗi ta same shi yana wasa wuƙa a tsakar gida.

"Ko ɗan ɗakin kajin can ne, a share mata," ta ce.

"Inna, ruwa yana zuba cikinsa kamar kwando. Ku da yara ɗaki guda kuke matse. Kasuwa ta mutu, masu haraji kuwa ba ruwansu da damina." Ya gwada kaifin wuƙar a babban yatsa, bai ɗago ba. "Kuma tana da dangin miji. In munka ɗauke ta, gobe a ce mun shiga abin da ba namu ba."

Ta tsaya kaɗan, ta juya. A gidan da ta kwashe rayuwarta tana faɗa ana ji, yanzu sai ta roƙa, kuma a hana ta.

Gidan Modibbo Ashatu yana can bayan Hubbare, a wani lungu mai laka. Modibbo malama ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta haihu ba, sai ta mai da gidan wurin ajiye tsofaffin mata waɗanda ba su da mai riƙe su. Matan ƙauyuka masu zuwa ziyara su ke kawo gero da man shanu da auduga sadaka, da shi ake ci. A gari ana yabon gidan ƙwarai, amma ba wadda ke fatan a kai ta.

Warin ne ya fara tarbar Karimatu tun daga zaure, warin hayaƙi da fitsari da tsohon zane. A tsakar gida akwai ceɗiya, tsofaffi suna zazzaune a gindinta, wasu na kaɗi, wasu na gyangyaɗi. Wata can gefe, ana ce mata Yari, tana ta kiran uwarta da muryar ƙaramar yarinya, ba mai waiwayarta.

Modibbo ta fito da tasbaha a hannu, 'yar gajeruwa, fuska a sake. "Maraba da baƙuwa. Nan gidanki na, baiwar Allah. Ana ci sau biyu, ana salla tare, mai hannu tana kaɗi, marar hannu tana tasbihi."

Atika ta kau da kai. Aka kai ta wani ɗaki mai gajeriyar ƙofa, tabarma biyu a shimfiɗe, wata makauniya zaune bisa ɗaya.

"Wa anka kawo mini?" makauniyar ta tambaya, tana karkata kunne. "Allah shi sa mai minshari ta. Wadda ta riga ki nan ba ta minshari, shi ya sa ban san sadda ta mutu ba. Ina ta ba ta labari har rana ta hito."

"Kulu, ki yi a hankali," in ji Modibbo.

"To mi zan ɓoye mata? Ai za ta gani, ita da ke da ido."

Kulu baiwa ce a da. An sayo ta tana 'yar mitsitsiya daga wata ƙasa can kudu wadda ko sunanta ba ta riƙe ba. Ta yi wa gida guda daka da ɗiban ruwa har idonta ya mutu. Ita da bakinta take ba da labarin tana dariya: "Da Nasara sunka ce ba sauran bauta, sai 'ya'yan ubangijina sunka ce, to Kulu, kin 'yantu. Sunka buɗe mini ƙohwa."

Karimatu ta ajiye ƙunshin a gefen tabarma. Atika ta jawo shi, ta zauna a kansa, ta fuskanci ƙofa.

"Yaya, zan tahi. Juma'a ina nan."

Ko kallonta Atika ba ta yi ba.

Duk Juma'a Karimatu takan dama fura ta kai bakin Hubbare ta sayar wa masu ziyara, in ta tashi sai ta bi ta lungun da ragowar da ta ɓoye a ƙasan ƙwarya. Duk zuwan da za ta yi, a wuri ɗaya take iske Atika, bisa ƙunshin nan, ɗaurinsa bai motsa ba. Kafin ta gama sallama tambayar ta riga ta fito.

"Ya zo?"

"Tukuna, Yaya."

Sai ta karɓi furar ta shanye, kamar wadda ta kwana biyu ba ta ga abinci ba. Kuma haka ɗin ne. Modibbo ta ja Karimatu gefe ta gaya mata tsohuwar ba ta taɓa tuwon gidan, sai dai ruwa, sai in yunwa ta kai mata wuya ta gutsuri loma ɗaya a ɓoye.

"Yaya, don mi ba ki ci?"

"Tuwon sadaka?" Atika ta taɓe baki. "Ni da nike hidda sadaka duk daren Juma'a tun ina amarya? Hannu goma cikin akushi guda, wagga tana tari ciki, waccan tana zuba miyau. Kuma ba a barin mutum shi kwanta sadda ya so, ba a barin shi tashi sadda ya so. Waccan ta wuni tana kiran inna, inna, kamar ni na ɓoye mata ita."

"Ni ma ta ce ina da surutu," Kulu ta sa baki daga tabarmarta. "Na ce mata to ta yi nata, in ji, in huta."

Atika ta sunkuyo, ta kama bakin zanen Karimatu, ta rage murya. "Ki gaya ma ɗanki ba ni da ci. Loma biyu ta ishe ni. Zan yi mishi renon yara, zan tsince mishi gero. Ko bakin murhu ne zan kwanta."

"Zan gaya mishi."

Ta gaya masa, ba sau ɗaya ba. Aƙilu yakan ce, "To, Inna, bari mu gani." Daga baya in ya ga ta nufo shi da maganar sai ya ɗauki faifan nama ya fice.

Kafin damina ta ƙare Jibrin ya turo magina. Karimatu tana jin su ta bayan katanga suna rushe zauren, suna kwaɓa ƙasa, suna waƙa. Inda ɗakin Atika yake aka kafa rumbun hatsi. Aka toshe giɓin katanga. Ƙofar gidan ma aka ɗauke ta daga gabas aka mai da ita kudu, wajen hanyar kasuwa, don jakai su riƙa shiga da kaya. Ɗan Jibrin ya tare da matarsa, 'yar Wamakko, wadda ba ta san kowa a unguwar ba. Karimatu ba ta gaya wa Atika ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Wata ranar Talata da azahar, tana tankaɗe, surukarta Balaraba ta shigo da sauri.

"Inna, ki hito. Wai ga Inna Atika can zaune bakin hanya."

Karimatu ta fita ko mayafi ba ta ɗauka ba. Atika tana zaune a ƙasa, ta jingina da sabuwar katanga, daidai inda ƙofar zaure take a da. Ƙafafunta sun yi butu-butu da laka, mai ciwon ta kumbura kamar tulu, ga wani guntun kara da ta dogara da shi ya karye a gefenta. Tun da hantsi ta sulale daga gidan Modibbo, tana tafe tana hutawa a gindin katangun mutane. A jikin sabon yaɓen ana ganin shatin tafin hannunta, inda ta yi ta lalube. A cinyarta kuwa, cikin zane, ga gero tafi guda.

"Yaya!"

"Karimatu, ina ƙohwar?"

Karimatu ta durƙusa a gabanta.

"Na zagaya na iske wata can kudu. Na yi sallama, wata yarinya ta hito. Na ce mata nan gidana ne. Ta dube ni, ta koma ciki, ta ɗebo mini wanga." Ta nuna geron da haɓa. "Ta ce in yi haƙuri, mai gidan ba shi nan. Yarinya mai ladabi."

Mutane sun fara taruwa. Cikinsu har da Aƙilu, ya dawo daga mahauta da jini a gaban riga. Ya tsaya ya dubi tsohuwar, ya dubi uwarsa, ya sunkuyar da kai. Ya miƙa wa wani faifansa, ya ɗauki Atika cak ya shiga da ita gida.

Balaraba ta ɗora ruwa, aka gasa mata ƙafar, aka ba ta tuwo da romo. Ta ci sosai. Jikoki suka kewaye ta, tana kiran kowa da sunansa, tana tambayar wanda ya yi kaciya da wadda ta fara kitso. Ta miƙe ƙafa bisa tabarmar Karimatu, ta yi barcin da Karimatu ta tabbata ba ta yi irinsa ba tun da aka ɗauke ta. Karimatu ta zauna tana kore mata ƙuda, tana addu'a a zuci kada la'asar ta yi.

La'asar ta yi. Aƙilu ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ya yi gyaran murya.

"Inna, Modibbo ta aiko. Suna can hankalinsu tashe." Ya dubi uwarsa. "In anka yi kaka, wallahi zan buga tubali in yi mata ɗaki. Amma yau ba inda za ta kwanta, kin gani da idonki."

Atika ta riga ta farka, ta ji. Ta tashi zaune, ta gyara ɗaurin kallabi.

"Gaskiya ya hwaɗi. Mu tahi."

Ba a sami jaki ba, sai Aƙilu ya goya ta. Suka bi ta cikin gari, shi a gaba da tsohuwa a baya, ƙafafunta na reto, Karimatu na biye. Masu zama a bakin zaure suna bin su da kallo. A hanya magana ɗaya Atika ta yi, ta yi ta ne a kunnen Aƙilu.

"Ni na yanke maka cibiya. Ko kuka ba ka yi ba sai da na watsa maka ruwa."

Karimatu ta ga kafaɗun ɗanta sun motsa, amma bai tsaya ba.

A zauren Modibbo, da ya sauke ta, Atika ta riƙo hannun Karimatu.

"Ki bar sauraren ƙohwa, kin ji? Ki yi kwananki. Ba shi zuwa."

"Haba Yaya, Allah shi ke da..."

"Na daɗe da sani. Zama ne kawai ba shi yiwuwa sai mutum yana jiran wani abu." Ta saki hannun. "Kulu! Kina ina? Ga mai minsharinki ta dawo."

Juma'ar da ta biyo baya Karimatu ta iske ƙunshin a kwance. An rataye ƙwaryar a bango, zanen ya zama matashi. Atika tana gindin ceɗiya cikin sauran, akushi a tsakiyarsu, tana riƙe da hannun Kulu tana kai mata shi inda miya ta fi yawa. Ba ta yi tambayar da ta saba ba.

"Alhamdu lillahi, ta saba," in ji Modibbo da murna. "Dukkansu haka suke. Wata wata guda, wata shekara, amma daga ƙarshe zuciya tana kwanciya."

Karimatu ta ce alhamdu lillahi, amma a ranta ba ta ji daɗin wannan kwanciyar ba. Ta kawo labarai cike da baki, na wadda ta haihu a unguwa, da wanda ya saki matarsa, da rijiyar da ta rufta. Atika takan saurara kamar ana ba ta labarin mutanen wata ƙasa, ta gyaɗa kai, sai ta koma nata: wai Yari ta kwana biyu ba ta kira uwarta ba, an ce alama ce, wai an kawo man shanu daga ƙauye amma mai rabo ta fifita 'yan ɗakin gabas, wai ita ce yanzu ke da gurbin nan na jikin saiwa, inda inuwa ba ta tashi, tun da mai shi ta rasu. Tana cewa "ɗakinmu", tana cewa "mu 'yan gidan ga". Ta koma kaɗi, zarenta ya fi na kowa laushi, amma jikinta kullum ƙara tsotsewa yake, kamar ana zare shi tare da audugar.

Da aka yi kaka Aƙilu ya cika alkawari, ya fara buga tubali a bayan gida da hannunsa in ya taso daga kasuwa. Karimatu ta je da albishir, har tana tuntuɓe a zaure.

"Yaya, an hwara! Tubali na nan shanye. Kahin azumi kin dawo unguwa."

Atika ta ci gaba da murza mazari. Sai da zaren ya kai ƙasa ta naɗe shi, sannan ta ce, "Wa zai kai Kulu bayan gida?"

"Ai akwai mutane."

"Ba su jiranta. Sai su ja ta kamar tunkiya." Ta lashi yatsa, ta kama bakin auduga. "Ki yi mishi godiya, ki ce Allah shi yi mishi albarka. Amma na gaji da ɗauka da saukewa. Kuma Karimatu, bari in gaya miki abin da ban gaya ma kowa ba. Yanzu ba ni iya riƙe hitsari. Nan in na ɓata shimhiɗa, ta kusa da ni ma ta ɓata tata, ba mai kallon wani. Can gidanku sai surukarki ta wanke, ta yi shiru don kunyarki, yara su toshe hanci. Ki bar ni inda ba a jin kunyata."

"Ni zan wanke, Yaya. Da hannuna."

"Ke ma kwana nawa ya rage a hwara wanke naki?"

Kulu ta ƙyalƙyale da dariya. Atika ba ta yi ba. Karimatu ta koma gida ta iske tubalin jere a rana, ta rasa yadda za ta gaya wa ɗanta. Da ta gaya masa, ya ce to. Ta ga sauƙin da ya sauka a fuskarsa, duk da ya yi ƙoƙarin ɓoyewa, ba ta kuma ga laifinsa ba.

Kumburin ƙafar ya hau har gwiwa, daga nan tari ya shigo. Atika ta daina fitowa gindin ceɗiya. Juma'ar ƙarshe da Karimatu ta gan ta, tana kwance a ɗaki, Kulu na zaune a kanta tana lalubar goshinta da jiƙaƙƙen tsumma. Karimatu ta nemi ruwan ɗumi, ta goge mata jiki, ta shafa mata man shanu a ƙafa da baya, ta canja mata zane. Ta ɗago kanta ta ba ta fura da ludayi, ta sha kaɗan. Idonta a buɗe, tana bin Karimatu da kallo mai taushi.

"Allah shi ba da lada, baiwar Allah," ta ce. "Kun sha hanya. Daga wane ƙauye kunka zo ziyara?"

Ludayin ya tsaya a hannun Karimatu.

"Ki amsa mata," Kulu ta ce a hankali. "Tun shekaranjiya haka take. Ni kaɗai take ganewa, ni ma don na dame ta ne."

"Daga Ƙofar Marke," in ji Karimatu.

"Ƙofar Marke." Atika ta lumshe ido, kamar tana neman wurin a cikin kanta. "Na taɓa zama can. Akwai mutanen kirki."

Ranar Litinin da safe ta cika. Modibbo ta aiki wani mai sayar da itace ya kai labari unguwarsu. Shi kuwa ya tambayi gidan Atika, aka nuna masa gidan Jibrin, ya gaya wa yarinyar nan 'yar Wamakko. Ita ba ta san wace ce Atika ba, ta ce Allah ya ji ƙanta, ta koma kan dakanta. Sai bayan azahar da mijinta ya dawo ta tuna ta faɗa masa, shi ya zagayo ya yi sallama, ya gaya wa Balaraba.

Karimatu ta tafi da gudu-gudu, sauri-sauri, numfashi na yanke mata. Ta iske an share tsakar gidan, wurin da aka yi wanka bai gama bushewa ba.

"An kai ta tun da hantsi," in ji Modibbo, ta riƙe mata hannu biyu. "Mun jira, ba mu ga kowa ba, ga zahi. Amma ki gode ma Allah, ta yi sa'a. An yi dace da ayarin masu ziyara daga nesa, sahu-sahu sunka yi mata salla. Mutane da yawa ƙwarai."

"Akwai wanda ya san ta cikinsu?"

Modibbo ta matse mata hannu. "Allah ya san ta."

"Haka ne," in ji Karimatu. Ta tambayi inda aka sa ta. Modibbo ta ce maza ne suka kai, za ta tambaya.

A gindin ceɗiya wata ta riga ta koma gurbin jikin saiwa. Yari tana kiran uwarta. Karimatu ta sunkuya ta shiga ɗakin. An naɗe tabarmar Atika an fitar da ita shanya, ƙasar wurin ta fi sauran ɗakin santsi. Kulu tana zaune a tata, hannuwa bisa gwiwa, baki a rufe. Karimatu ba ta taɓa ganinta shiru ba.

"Kulu, ya haƙuri?"

"Wagga na ji tahiyarta," in ji Kulu. "Ina riƙe da hannunta."

Karimatu ta rasa abin da za ta yi da kanta. Ta tuna da goro guda da ta saya wa Atika jiya, yana ɗaure a bakin zanenta. Ta kwance shi, ta sa wa makauniyar a tafin hannu. Kulu ta shafa shi, ta shinshina, ta sa farce ta ɓare shi biyu. Ta kai ɓari ɗaya baki. Ɗayan kuwa ta miƙa shi gefen hagunta, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin mutumin da ke kwance, kamar yadda ta saba miƙa wa Atika.

Hannun ya tsaya a nan, a miƙe, bisa ƙasar da ba kowa. A waje an fara kiran la'asar, ana jin tsofaffi suna jan butoci. Kulu ba ta janye hannun ba.

Karimatu ta tattare zanenta, ta zauna a wurin, ta tara tafin hannunta a ƙarƙashin na Kulu.